Fenti da yadin da ake cewa suna kashe ƙwayoyin cuta: ina gaskiyar take a iskar Yamai?

Shin da gaske akwai fentin da za a shafa wa bango, ko yadin da za a kai wa tela, ya yi ta kashe ƙwayoyin cuta da kansa wata da watanni ba tare da an ƙara masa komai ba? Tambayar ta fara yawo a Yamai tun lokacin korona, bayan da aka samu mutum na farko da ya kamu a Nijar cikin watan Maris na 2020, kowa ya koma tsoron hannun ƙofa da takardar kuɗi. Korona ta lafa amma kayan ba su tafi ba. Ka zaga Babbar Kasuwa ko Katako za ka ci karo da safa, katifa, takunkumi, allon yanka nama, har da gilashin da ake manna wa fuskar waya, an buga musu «antibactérien», wani lokaci da lamba 99,9% a gefe.

Mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa duk wayon 'yan kasuwa ne. Wasu kuma sun yarda har ta kai su ga ganin cewa abin da aka yi wa wannan shafe ba ya buƙatar wanki kamar sauran kaya. Kwanan baya na tsaya gaban wani dattijo mai sayar da safa, ya nuna mini wata da ya ɗora wa kuɗi fiye da 'yan'uwanta saboda wai tana da magani. Na ce, "Alhaji, wanki nawa take ɗauka kafin maganin ya fita?" Ya juya ledar gaba da baya, ya ce, "Wallahi Malam, haka aka rubuto mana daga can." Ban ga laifinsa ba, domin ledar ba ta faɗa ba. Amma a wannan tambayar ce maganar duka ta rataya.

Mene ne shafen, kuma da me ya bambanta da jabel?

Abu uku ne ake cakuɗawa. Akwai wankewa da ruwa da sabulu, wanda ke ɗauke datti ya tafi da mafi yawan ƙwayoyin da ke cikinsa. Akwai kashewa da ruwan jabel ko alkol, wanda ke hallaka abin da ya tarar nan take, amma da ya bushe aikinsa ya ƙare. Hannu na gaba da ya dafa wurin ya sake shuka sababbi. Na uku shi ne shafen da muke magana a kai: sinadari ne da ake manna wa fuskar abu, ko a cuɗa shi cikin roba ko fenti ko zare tun a masana'anta, don ya zauna yana rage ƙwayoyin cuta tsakanin wanki da wanki.

Su ma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne. Bakteriya halittu ne da ke ci suna hayayyafa da kansu, kamar masu kawo taifod da kwalara da ruɓewar rauni. Bairos, irin na korona da ƙyanda, ba ya hayayyafa sai ya shiga jiki. Sai fumfuna, wadda ke baƙanta bango da damina. Abin da aka rubuta wa «antibactérien» alkawarin bakteriya kaɗai ya ɗauka, bai ce komai game da bairos ba.

Jan ƙarfe, azurfa da sauransu

Mafi tsufa a cikinsu ƙarafa ne. A 1893 aka wallafa binciken masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Karl von Nägeli, wanda ya nuna cewa ɗan mitsitsin ƙarfe da ya narke a ruwa na iya kashe ƙananan halittu. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1880, likita Carl Credé a Jamus ya fara ɗiga wa jarirai ruwan gishirin azurfa a ido don hana makantar da ake ɗauka wajen haihuwa. Har yau man ƙuna da ake shafawa a asibitoci da dama azurfa ce a cikinsa. Wato azurfar da maƙeran Agadas ke sarrafawa su yi wa mata abin wuya, ita ce dai ake niƙawa ta koma ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, a cusa cikin zaren safa. Idan danshi ya taɓa ta sai ta saki ɓurɓushi masu shiga cikin bakteriya su tsayar mata da numfashi da hayayyafa.

Jan ƙarfe ya fi ta zafin hannu. Yana fasa fatar bakteriya, ya kuma lalata ƙwayar gadonta. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar jan ƙarfe da gaurayensa irin su tagulla a matsayin kayan da ke kashe fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na wasu bakteriya cikin awa 2, bisa sharaɗin ana ci gaba da tsaftace su. A watan Maris na 2020 wani bincike da aka yi a Amurka ya gano cewa bairos ɗin korona ba ya wuce awa 4 a raye kan jan ƙarfe, alhali yana kai awa 24 kan kwali, awa 72 kan roba da farin ƙarfen nan marar tsatsa da ake yin kayan asibiti da shi. Wannan binciken ya ƙara buɗe wa 'yan kasuwar duniya ƙofa.

Akwai kuma dangin sinadarin amoniyom da ake fesawa su manne wa abu, su riƙa huda fatar bakteriyar da ta sauka a kansu. Yawancin feshin da ake tallar cewa yana kariya na kwana 30 ko 90 daga wannan gidan yake. Akwai farar hodar titaniyom, wadda ba ta aiki sai hasken rana ya buge ta, don haka cikin ɗaki mai duhu fenti ce kawai. Sabon salo kuma shi ne kwaikwayon fiffiken mazari, wanda masu bincike a Ostiraliya suka gano yana da ƙananan tsinaye masu yayyaga bakteriya ba tare da wani sinadari ba. Wannan har yanzu ya fi yawa a ɗakunan bincike.

Inda aka yi gwajin, da inda za a yi amfani da kayan

A ganina nan ne zuciyar batun, kuma nan ne mai talla ba ya tsayawa.

Lambar 99,9% ba daga sama ta faɗo ba. Ga kayan roba da makamantansu, gwajin da aka fi amfani da shi shi ne mai lamba ISO 22196. Ana ɗiga ruwa mai ɗauke da bakteriya kan abin, a rufe da 'yar leda don kada ya bushe, a ajiye shi a zafin digiri 35 da danshin iska sama da kashi 90 cikin ɗari, har awa 24. Sannan a ƙirga waɗanda suka rage. Abin a share yake tas, babu ƙura, babu maiƙo, kuma a jiƙe yake yini da kwana.

To, yaushe hannun ƙofa a Yamai ya taɓa zama a jiƙe awa 24? Daga hunturu zuwa bazara danshin iskarmu da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20. Gumin da hannu ya bari kan ƙarfe ya bushe kafin ka zauna. Azurfa kuwa ba ta sakin ɓurɓushinta sai da laima. Masu bincike a jami'ar Southampton ta Ingila sun gwada wannan, sakamakon ya fito a 2009: kayan da aka cuɗa da azurfa sun yi aiki sosai a zafi da danshi irin na gwajin, amma da aka sauko zuwa digiri 20 da busasshiyar iska irin ta cikin ɗaki, kusan babu abin da suka yi. Jan ƙarfe shi ya ci gaba da kisa a duka yanayin. Ke nan abu na iya cin jarrabawa da gaskiya, ba ƙarya a takardarsa, ya zo nan ya zama kwalliya wata takwas a shekara. Wataƙila a watan Agusta ne kawai iskarmu ke kusantar abin da aka gwada shi a ciki.

Sai ƙura. Duk waɗannan sinadarai sai sun haɗu da bakteriya jiki da jiki suke aiki. Matar da ta share ɗaki da safe cikin Janairu ta san cewa kafin azahar za ta iya rubuta sunanta da yatsa kan tebur. Wannan lulluɓin ƙurar, haɗe da maiƙon hannu da ragowar abinci, shimfiɗa ce tsakanin ƙwayar cuta da maganin da ke ƙarƙashi. Tana kwance a sama, shi yana ƙasa, ba su ga juna ba. Saboda haka abin da aka yi wa shafe ya ma fi buƙatar gogewa. Ga kuma wani tarko: sabulu da omo na raunana sinadarin amoniyom, goga mai kaushi kuma tana kankare shi.

Ita kanta lambar tana da ruɗi. Idan bakteriya miliyan ɗaya ne a wuri aka kashe kashi 99.9, dubu sun rage. Wasu irinsu, idan suka samu ɗumi da laima da abinci, suna ninkuwa duk minti 20. Ninkuwa sau goma a jere tana mayar da dubun nan ta koma miliyan, wato cikin awa uku da 'yan mintuna. Kan busasshen ƙarfe ba za su yi haka ba, amma kan allon yanka nama da aka bari da jini a zafin watan Afrilu, za su yi.

"Mai ɗorewa" har zuwa yaushe?

Mu a Nijar mun riga mun san yadi mai magani, shekaru muna kwana cikinsa: sange. Sangen da ake rabawa an cuɗa zarensa da maganin sauro, kuma kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira shi mai ɗorewa sai ya riƙe ƙarfinsa bayan wanki 20 a gwaji, da shekara 3 ana amfani da shi a gidaje. Akwai lamba, akwai wanda ya gwada, akwai ka'ida: kada a yawaita wanki, a shanya a inuwa. Duk da haka kowace uwa ta san sangen shekara uku ba kamar sabo ba ne.

Safa da riga da zanen gado masu azurfa ba su da hukumar da ta tsaya musu haka. A 2008 masu bincike a jami'ar jihar Arizona ta Amurka sun sayi safa iri-iri da ake tallar suna da azurfa, suka riƙa jiƙa su a ruwa suna aunawa. Wasu sun riƙe azurfarsu, wasu kuwa cikin 'yan wanki kaɗan kusan duk ta zube. Bambancin yana ga yadda aka sa ta: wadda aka narka cikin zaren tun wajen saƙa tana jimawa, wadda aka tsoma ko aka fesa daga baya tana bin ruwa. Ido ba ya rarrabe su a kasuwa. Kuma a yi la'akari da irin wankinmu: a cuɗa da hannu, a buga, a sa omo da yawa, wani lokaci da jabel, a shanya a ranar da ta haura digiri 40, a bi da dutsen guga mai gawayi. Wanda ya taɓa ganin masu wanki a bakin kogi ya san yadi ba ya shan sauƙi a hannunsu.

Akwai wani bambanci da doka ta yi a ƙasashen da ake ƙera kayan, wanda ba ya biyo su zuwa nan. A Amurka, idan an sa sinadarin don ya kare kayan kansa ne daga wari ko fumfuna, ba a yarda mai shi ya ce yana kare lafiyar mutum ba sai ya yi rajista ta daban da hujja. A Tarayyar Turai dokar da ta fara aiki a 2013 ta wajabta rubuta sunan sinadarin a jikin kayan idan an yi iƙirarin yana kashe ƙwayoyi. Yawancin safa da rigunan wasanni na rukunin farko ne. Suna rage warin gumi, kuma wannan amfani ne na gaske ga mai kabu-kabu da ke yini cikin takalmi. Amma safar da ba ta wari ba ta hana kowa kamuwa da komai ba.

Abin da masu goyon baya ke cewa, da amsar masu shakka

Hujjar masu goyon baya ta fi ƙarfi a asibiti. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin kowane marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita na ɗaukar wata cutar a cikin asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka yana mutuwa. Mai shara yana goge ƙarfen gado sau ɗaya ko biyu a yini, hannuwa kuwa suna dafa shi ba adadi, musamman a wurinmu da majinyata da masu dubiya ke cika ɗaki. Abin da zai yi aiki tsakanin shara da shara ba abin rainawa ba ne. Wani gwaji da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman na asibitoci uku a Amurka, aka wallafa a 2013, ya ce sanya jan ƙarfe a wurare kaɗan da aka fi taɓawa ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari.

Masu shakka sun soki yadda aka tsara wannan gwajin da yadda aka yi lissafinsa, kuma bitar da aka yi ta bincike da dama daga baya ta tsaya a kan cewa raguwar bakteriya kan kayan tabbas ce, amma hujjar raguwar marasa lafiya ba ta yi ƙarfi ba. Suna ƙarawa da cewa rahoton nan na 2022 da kansa ya ce wankin hannu da sauran matakan tsafta masu araha na iya hana kashi 70 na irin wannan kamuwa. Har ma korona da ta tallata kayan, a Afrilun 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa damar kamuwa ta hanyar taɓa gurɓataccen abu ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba. Ta iska take bi.

Ni na fi karkata ga masu shakka, da togaciya ɗaya: jan ƙarfe na ainihi a hannun ƙofa, kan famfo da ƙarfen gado a ɗakin haihuwa ko na tiyata abu ne mai ma'ana, don ba ya ƙarewa kuma bushewar iska ba ta kashe shi. Sai dai ɗakin shan maganin da famfonsa ke ɗaukewa, ko sabulu ya yanke, idan aka ba shi zaɓi tsakanin tankin ruwa da fenti mai tsada, ban ga abin tsayawa shawara ba.

Cututtukan da ke kwantar da mu

A duba abin da ke cika gadajen asibiti a ƙasar nan. Zazzaɓin cizon sauro, sauro ne. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Yamai a 2015, ta numfashi da tari yake bi, rigakafi ne maganinsa. Ƙyanda haka. Kwalara da taifod da gudawar yara ta ruwan sha da abinci da hannun da ba a wanke ba suke shiga, shi ya sa suke tashi bayan ambaliya. Babu ɗaya daga ciki da bangon falo ke yaɗawa. Magidancin da ya ƙara kuɗi ya sayi fenti mai magani zai iya samun sauƙin fumfuna a banɗaki da damina, iyakar abin ke nan.

Abin da ake tsoro nan gaba

Sangen ya sake koya mana darasi: bayan shekaru ana amfani da magani iri ɗaya, sauro a yankuna da yawa na Afirka ya saba da shi, har aka koma haɗa sange da magani biyu. Bakteriya ta fi sauro saurin sabo. Tun 1975 aka samu wata da azurfa ba ta kashewa a sashen masu ƙuna na wani asibiti a Boston, kuma abin da ya ba ta wannan taurin yana tafe ne tare da taurin kai ga magungunan asibiti da dama. Yadin da maganinsa ya kusa ƙarewa yana sakin ɗan kaɗan ne, wanda bai isa kisa ba amma ya isa horo. Wannan ba ƙaramar magana ba ce gare mu: ƙiyasin da aka wallafa a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke da kaso mafi yawa idan aka auna da yawan jama'a.

An ma taɓa yin irin wannan rawar. Shekaru ana zuba sinadarin tirikulosan cikin sabulun wanka ana tallar yana kashe ƙwayoyi, sai a 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana shi da wasu 18 a sabulun gida, don masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu na yau da kullum amfani, ko cewa ba ya cutarwa idan aka daɗe ana shafa shi. Azurfar da ta fita daga yadi kuwa kwata take bi, kwatar Yamai kuma kogi ta nufa, kuma azurfa guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa.

Idan mutum ya tsaya gaban mai kaya

Ya nemi sunan sinadarin a jikin leda ko gwangwani. Idan babu, magana ce kawai. Ya duba ko an faɗi wanki nawa ko wata nawa, da kuma wace ƙwaya aka gwada. Ya lura ko alkawarin na wari da fumfuna ne ko na lafiya. Abin da zai taɓa baki, hanci ko fatar jariri, kamar takunkumi da kayan goyo, gara a ɗauki na auduga zalla da za a iya wankewa kullum. Feshin da aka ce yana kwana 90 kuma, a tambayi mai shi ko lissafin ya haɗa da gogewar da za a riƙa yi wa wurin kowace safiya.

Don goge wurin da marar lafiya ya taɓa, jabel da aka tsarma zuwa kashi 0.1 cikin ɗari ya wadatar: idan wadda aka rubuta ƙarfinta digiri 12 a jikin kwalba ce, murfi ɗaya cikin murfi 35 na ruwa, bayan an fara wanke wurin da sabulu, a bar shi a jiƙe aƙalla minti ɗaya. A haɗa na yini kawai, don zafi da rana suna kashe ƙarfinta, kuma kada a gauraya ta da wani maganin wanke banɗaki.

Mai son sa hannun ƙofa ko kan famfo na tagulla ya duba da kyau, domin da yawa cikin masu ƙyallin da ake sayarwa ko dai wani ƙarfe ne aka yi wa launi, ko tagulla ce da aka lulluɓe da man ƙyalli don kada ta dushe, kuma wannan man yana toshe aikin gaba ɗaya. Ta ainihi tana yin duhu da tsufa, duhun kuma ba ya hana ta kisa. Idan ya dami ido, lemun tsami da ɗan gishiri suna dawo da ita.